Farar Tawadar Malam Tiberiu

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, ana shan kofi a ɗakin malaman wata sakandare a garin Buzău, Malam Tiberiu ya bugi ƙirji.

"Ni da kwamfuta ai hanta da jini ne! Ku bar mini takardar jarrabawar aji tara. Kafin kofin nan ya huce na gama."

Kowa ya san inda ya dosa. Kujerar shugaban sashen lissafi ba kowa a kai, kuma shugabar makaranta, Madam Zamfira, tana auna shi da Malama Ortansa, wadda har yanzu da hannu take rubuta tambayoyinta.

Smaranda sakatariya ta ba shi kujerarta. Gogan naka ya buɗe manhajar rubuta alamomin lissafi, ya lanƙwasa yatsu kamar mai shirin kaɗa piyano. Ya nemi ɗaya bisa biyu, sai ga bene hawa biyar, lamba kan lamba. Ya taɓa alamar nan mai kama da lauje, ta miƙe ta rufe layi guda kamar rumfar kasuwa.

"Malam, in taya ka?"

"Smaranda, ke dai tsaya a kan wasiƙu. Wannan aikin manya ne."

Kofi ya huce, aka dafa wani, shi ma ya huce. Sai ranar Laraba sarkin cika baki ya kammala: tambayoyi a shafin farko, amsoshi a na biyu.

Smaranda ta ce, "Raba su gida biyu, Malam. Amsoshi su zauna daban."

"Tsohon yayi! Zan mai da amsoshin farare ne. Fari kan farar takarda, ko mai ido huɗu ba zai gani ba. Juya baya, sirrin jarrabawa ne."

Ta juya. Ya zaɓi shafi na biyu, ya danna fari yana kallon ƙeyarta kada ta leƙo, ya yi wuf ya koma shafin farko. Abin da bai sani ba, duk abin da aka rubuta da manhajar nan kamar hoto yake zama a takarda, launi ba ya kama shi. Kalmomi sun ɓace, lissafi kuwa yana nan daram, baƙi ƙirin. Inji ya buga gaba da baya. Malam ya tattara ya cusa a ambulan, ya liƙe, ya sa hannu har sau biyu.

Ranar Juma'a ɗalibai suka gama jarrabawar cikin minti goma sha biyu.

"Kun ga koyarwa?" in ji shi, yana rabon kallo a baranda.

Litinin Madam Zamfira ta kira shi ofis. Malama Ortansa, wadda ta yi makin, tana zaune da takardun a cinya.

"Malam Tiberiu, mutum ashirin da takwas, kowa tara bisa goma."

"Ba yabon kai ba, Madam..."

"Juya takardar."

Ya juya. Ga amsoshinsa nan a baya, baƙi ƙirin.

Smaranda, da ta shigo da kofi, ta ce, "To, tunda ga amsa a baya, me ya hana su goma?"

"Tambayar ƙarshe," in ji Ortansa a hankali. "Dukkansu sun ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne. Sun kwafa da aminci."

Aka ba Malama Ortansa kujerar. Ranar Alhamis aka sake jarrabawa, Smaranda ce ta buga takardar.