Ranar Da Na Mai Da Kawu Mayunwaci

Ba zan taɓa mantawa da wannan abin kunya ba, ko da zan so. Lokacin an rufe gadar Gaya da Malanbil, wadda ta haɗa Nijar da Benin, wani Bature ɗan jarida ya zo neman mai yi masa tafinta. Ni kuwa na gama lise, wato babbar sakandare, Faransanci na cin bakina, sai na miƙa kaina.

Na fara kai shi tasha da kasuwa, bai ko ɗaga kamara ba. Ya ce shi "Afirka ta gaskiya" yake nema. Nan take na gane, ai da labaran rediyonsu na girma. Na ja shi gidan Kawu Hamani, ƙanen mahaifiyata, mai kamyo uku, manyan motocin ɗaukar kaya. Muka wuce falo mai daɓen karo, wato tayil (ban bari ya leƙa ba), muka zarce bayan gida, inda Kawu ke kwance ƙarƙashin mota cikin tsummar rigar aikinsa, kusa da wani rusasshen rumbu.

Nan Bature ya ɗaga kamara, ya tambayi halin da ake ciki. Kawu ya ce, "Aiki ya tsaya, amma sai godiya." Ni kuma na ga wannan bai yi kama da labarai ba, sai na ƙara gishiri: bala'i, ƙangin yunwa, nahiyar da ta ɗaiɗaice. Har rawar murya na sa.

Mantawa na yi Malanbil ma suna da talho, wayar hannu da za su iya ganin bidiyon a ciki. A can Hadiza take, wadda Kawu ke shirin nema mini. Ranar da muka taru za mu haye kogi a kwale-kwale kai gaisuwa, sai ga ɗan aiken mahaifinta da buhun masara a ka. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji ya ga bidiyo. Ya ce a ba yara, maganar aure kuma a dakata sai kun farfaɗo."

Kawu bai zage ni ba, da ma ya yi. Dubana kawai ya yi ya ce, "Ɗana, yaushe na kwana da yunwa?"

Hadiza ta yi aure bara. Bidiyon yana nan yana yawo, duk sanda aka ambaci yunwa a Afirka sai fuskar Kawu ta fito, ko a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ina jin zafin yadda 'yan jaridar waje suke faɗinmu, amma ba ni da bakin ƙorafi. Idan baƙo ya zo da labarinsa a aljihu, kada ka ara masa kawunka.