Karkatacciyar Sandar Bilki

Ni dai a gidana ba a barin abu a karkace. Da ’yata Bilki, mai karatun lantarki, ta ajiye agogon da ta haɗa a kan taga, ’yar sandarsa a gicciye, sai na ce boko ya hana yarinyar nan tsari. Kullum ta fita, in daidaita sandar da bango, in ja baya in yaba aikina.

Ashe daga wata tashar rediyo mai nisa agogon yake kamo lokaci, da ’yar sandar nan, kuma sai an karkata ta wajen tashar. Ya ƙi aiki, ga ranar nuna wa malamai ta matso. Na iske ta tana hawaye.

"Inna, faɗuwa zan yi."

Na ce, "Yi haƙuri, ni ma ina bakin ƙoƙarina. Kullum sai na miƙe maki sandar nan."

Ta ɗago a hankali. "Inna, ke ce?"

Ta mayar da sandar a karkace, agogo ya kama. Alhamdu lillahi, ta ci jarrabawarta. Amma har yau, ko wuta aka ɗauke a unguwarmu ta Ƙofar Guga, sai babanta ya leƙo: "Hajiya, mi kika gyara kuma?"