Admisibul

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka faɗi sakamakon bak ɗin ɗiyata Saratu ba. Wasu iyaye in sun tuna irin wannan rana sai su gyara zama su yi murmushi. Ni kuwa har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni dillalin wake ne. Da amalanken jaki na fara, ina bin kasuwannin ƙauye tsakanin Dumega da Tibiri ina saye tiya-tiya, har Allah ya kawo ni yau ina loda manyan motoci a Dogon Dutsi. Ban taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba. Ɗan Faransancin da ke bakina a wurin direbobi na tsince shi. Amma ban taɓa ɗaukar kaina a jahili ba, don mutumin da zai cusa hannu cikin buhu ya gaya maka waken bana ne ko na bara, ai ba a raina masa wayo. (Wannan yarda da kai ce ta kai ni ta baro, kamar yadda za ku ji.)

Saratu ce ta farko a duk zuriyarmu da ta kai ga bak, wato jarrabawar da ke rufe lise (babbar sakandare) ta buɗe ƙofar jami'a. Burinta ta je Yamai ta karanci ilimin noma. Na taɓa ce mata, noman ma sai an je birni an koyo? Ta ce ƙwarin da ke cinye mini wake a sito za ta je ta karanto. Daga nan ban sake musu ba.

Sai dai zuwa Yamai ba a baki yake ba. Bursun gwamnati, wato tallafin karatu, ba kowa ke samu ba, ga ɗaki, ga abinci, ga mota. Yara nawa ne daga ƙauyukan bayan dutse suka ci bak suka koma riƙon hauya saboda haka? Shi ya sa 'yan kasuwa da ma'aikata na yankinmu muka kafa wata 'yar ƙungiya mai ba da nata bursun: rajista, kuɗin mota, buhun hatsi, sai kuma wani gida na 'yan mata a can Yamai da wata dattijuwa ke kula da shi. Guraben gidan ba su da yawa, kuma sai wanda ya ci ake ba. Ni hatsi da mota ba su dame ni ba. Gidan nake so, don uwar Saratu ta riga ta rantse cewa in ba ƙarƙashin dattijuwar nan ba, ɗiyarta ba za ta kwana a Yamai ba. Na san matata. In ta rantse, an gama. Saboda haka zancen a fili yake: Saratu ta ci ta samu gurbi, ko kuwa ta zauna gida.

Ranar sakamako na makara. Wani direba ne ya tsaya yi mini gardama kan lodi, kafin in rabu da shi in isa lise har an yi nisa. Filin ya cika maƙil. Wasu na guɗa, wasu na rungume juna, an kwantar da wata yarinya a inuwa ana yi mata fifita. Can gaba wani mai kwat yana riƙe da lasifika. Ina kutsawa na ji ya yi wani dogon Faransanci, abin da na kama a ciki kalma guda ce: admisibul. Sai ya shiga kiran sunaye. Bai yi nisa ba na ji sunan Saratu, da nawa manne a bayansa.

Na ɗaga hannu sama na yi kabbara, har na kusa da ni suka waiwayo.

Sai ga ta ta ratso mutane, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ce, "Baba, ai ni..."

Na ce, "Na ji da kunnena, ɗiyata! Yi kukanki, na daɗi ne. Allah shi yi miki albarka."

Ta sake buɗe baki, sai ƙawayenta suka ja ta wai za su je su ga maki. Ni kuwa na juya, don uban da ɗiyarsa ta yi irin wannan abin yana da hidima a gabansa.

A bakin ƙofa na ci karo da Isiyaku mai kayan moto, maƙwabcina kuma abokin tsokanata tun muna samari. Ɗansa Nasiru ajinsu guda da Saratu.

Na ce, "Isiyaku, yaya Nasiru?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Admi."

"Admi? Admi kawai?"

"Admi dai."

Na dafa kafaɗarsa cikin tausayi. Na ce, "To, ka yi haƙuri, kowa da rabonai. Shi ma admi ba laifi. Tawa admisibul ta samu."

Ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, ka kuwa san mi a ka nuhi da..."

Na ce, "Kai dai Isiyaku, yau ɗaya ka bar hassada ka taya ni murna."

Ya shafa gemu, ya ce, "Ikon Allah." Na bar shi nan tsaye.

Kafin ku yi mini dariya, ku tsaya ku ji lissafina, don ba haka kawai na yi ba. A kasuwa na tashi, kuma a kasuwa duk abin da aka ƙara wa suna wutsiya ya fi tsada. Akwai batir, akwai batir sufa. Akwai darakta, akwai darakta janar. Akwai shinkafa, akwai shinkafa mai ƙamshi. To ga admi, ga admisibul. Wa zai ce mini ɗan guntun nan ya fi mai wutsiya? Ko yanzu na duba, lissafin bai da aibu. Faransancin ne bai bi hanya ba.

Daga lise kasuwar dabbobi na zarce, na sayi rago, ban ma tsaya dogon ciniki ba (abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni). Na isa gida na sanar da uwar Saratu. Ita ma ba ta yi lakwal ba, ta rangaɗa guɗa, kafin ka ce me matan unguwa sun cika tsakar gida. Aka yanka rago, aka ɗora tukwane, wata ta kifa ƙwarya a ruwa ta fara kiɗa. Duk wadda ta shigo sai ta tambaya, "Mi ta samu?" A ce mata, "Admisibul!" Ta ce, "Kai, masha Allah!" Ba wadda ta san abin da take wa masha Allah.

Saratu ba ta dawo ba har na yi wanka na zura babbar riga. Bayan la'asar ƙungiyarmu ke da zama don a fara duba yaran da za a ba bursu, kuma na ƙudura yau sai an san ni ma na haifa.

A filin wata firamare aka yi zaman, ƙarƙashin itatuwan bedi. Shugabanmu Mushe Garba ne (Mushe muke ce wa malaman boko), tsohon malamin lakwal da ya koyar da rabin ma'aikatan garin, mutum mai sanyin magana. Iyaye sun zo daga nesa, har da na wajen Ɗan Kassari, wasu a kan moto wasu a amalanke. Isiyaku na zaune a layin gaba.

Mushe Garba ya yi bayani, ya ce yau da waɗanda suka samu admi za a fara, sauran su dakata tukuna.

Na ji abin ya soke ni. Na miƙe, na gyara hannun riga, na yi gyaran murya.

Na ce, "Mushe, a gafarce ni. Ni mutum ne mai faɗin gaskiya, kowa ya san ni. Da ni anka kafa ƙungiyar ga, kuma ba don a yi son kai munka kafa ta ba. A kasuwa ba a zuba wake na ɗaya da na biyu a buhu guda. Ta yaya za a fara da admi, alhali ga masu admisibul zaune? Ba don ɗiyata na ciki ba, a'a. Ko ɗiyar wa ce, a ba mai babban sakamako haƙƙinai. In an gama da admisibul, abin da ya rage a raba wa 'yan admi, su ma 'ya'yanmu ne, ba mu yar da su ba."

Na zauna. Har ga Allah tafi nake jira.

Ba wanda ya tafa. Sai wani matashin ma'aikaci a baya ya yi wani irin tari, ya tashi da sauri ya zagaya bayan aji. Daga can muka jiyo shi yana ƙyaƙyatawa.

Mushe Garba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri. Admi shi ne wanda ya haye, ya gama. Admisibul kuwa makinsa bai cika ba, bai kuma faɗi ba. An ba shi dama ya sake zama zagaye na biyu nan da 'yan kwanaki. In ya ci, sannan ya zama admi. In bai ci ba, sai baɗi."

Ban san babbar riga na da nauyi haka ba sai ranar.

Isiyaku ya juyo a hankali, fuskar nan kamar ta mai ta'aziyya. Ya ce, "Alhaji, tambaya gare ni. Tsakanin prefe mai mulkin yanki da na ƙasa da shi, su-prefe, wane ya fi dogon suna?"

Aka fashe. Wani tsoho da ya zo daga ƙauye, yana share hawaye da gefen rawani, ya ce, "Ɗana, an ce an gan ka da rago. An dai yanka?"

Na ce, "An yanka, Baba."

Aka sake kwashewa, har da Mushe Garba wannan karon.

Na bari suka yi mai isarsu, don na cancanta. Amma ɗan kasuwa ko ya faɗi yakan duba abin da ya rage a hannunsa. Na ce, "Mushe, dariya na sha. Gurbin yarinyar fa?"

Ya ce, "Ba mu rufe gidan 'yan mata sai an gama zagaye na biyu. In ta ci da maki mai kyau, za a duba ta kamar kowa. Abin da take bukata gare ka yanzu guda ne: shiru. Ta samu wurin da za ta yi bita ba hayaniya."

Shiru! Ni da na baro kiɗan ƙwarya a tsakar gidana.

Ban san yadda moto ya kawo ni gida ba. Na tarar biki ya kankama, ana rawa ana juya shinkafa. Uwar Saratu ta tare ni, ta ce yarinyar nan tun da ta dawo ta shige ɗaki ta kulle, kukan daɗin ya yi yawa. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe. Littattafai baje a kan tabarma, ta toshe kunnuwa da ɗankwali, idanu sun kumbura.

Na ce, "Saratu, ubanki ya yi kwaɓa."

Ta dube ni da babbar rigata, ta leƙa matan da ke rawa, sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. Ta ce, "Baba, har wurin taron ka faɗa?"

Na ce, "Har da jawabi."

Ta zauna ƙasa ta riƙe ciki.

Saura korar baƙi, kuma duk wanda ya taɓa gwada sallamar mata alhali nama na kan wuta ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Nan dai kan dillali ya yi amfani. Na fito na ce, jama'a, an yi kuskuren gida, walimar ta Nasiru ce ɗan Isiyaku, shi ne ya haye. Aka sauke tukwane aka kwashe su niƙi-niƙi zuwa maƙwabta. Isiyaku yana cikin masu tsaurin ra'ayi kan kiɗa, ya tsaya a ƙofa ya ce ƙwarya ba za ta shigar masa gida ba. Naman kuwa bai ga aibunsa ba. Har ya aiko mini da ƙafa guda, wai in taya shi murna.

Kwanakin da suka biyo baya ban je kasuwa ba. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na zama mai gadi. Mai tallan kifi na kora, masu zuwa jaje na kora, zakaran gidan ma na sa aka kai shi wurin ƙanwata ya yi hutu. Saratu na ciki tana fama da lissafi, ni ina waje ina fama da masu wucewa da ke ɗaga murya su ce, "Alhaji, ya mai wutsiya?"

Ranar sakamako na biyu tun kafin a jera kujeru nake filin lise. Na nemi kusa da Mushe Garba na zauna, na kama bakina. Mai kwat ya yi Faransancinsa, ya fara kira. Sunan Saratu ya fito. Na ga ta yi tsalle ta rungume ƙawarta, ga hawaye kuma. Ban motsa ba. Hawayen nan sun taɓa cutata.

Na sunkuya na ce, "Mushe, wannan karon wace iri ce?"

Ya ce, "Gajerar ce, Alhaji. Tashi ka yi kabbararka."

Ta samu gurbin. Uwarta da kanta ta raka ta Yamai, ta ga dattijuwar, ta duba makullin ƙofa, ta dawo ta ce ba laifi. Ni kuma na samu suna. Yau ko direba ya kira ni daga kan iyaka, "Alhaji Admisibul" yake cewa, kuma ina amsawa, don in ka ƙi amsawa lodi ya wuce ka.

Yanzu in Saratu ta kira waya tana ba ni labarin jarrabawar jami'a, takan jefo wasu kalmomin da suka fi wancan tsawo. Ba na ko kunya, sai in tsayar da ita in ce, "Dakata, ɗiyata. Wannan ta murna ce, ko ta addu'a?" Na gano tambaya kyauta ake yin ta. Rashin yin ta ne ke cin rago.