Ranar da Na Ce Kawu Ya Nuna Mini Ƙafarsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, don dangina sun yi rantsuwa ba za su bar ni in manta da bakans ɗin bara, wato dogon hutu, ba.

Ni 'yar Bron ce, nan gefen Lyon. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya: ni, ƙannena biyu, da Kaka, uwar Mamana, wadda ta zo daga Maraɗi jinyar ido ta wata uku, yau shekara biyar ke nan. Yayan Mamana kuwa, Kawu Alhaji Sani, a Paris yake aiki, a wani babban ofishi na ƙasashen duniya. Mutum ne da ban taɓa gani ba sai cikin babbar riga ko kwat, kuma ko atishawa zai yi sai ka ce ya rubuta ta tukuna. Shi ya ce wa Mama zai ɗauke ni in yi lise, wato babbar sakandare, a Paris, in zauna ɗaki ɗaya da 'yarsa Nana, in har ya ga ina da natsuwa. Don ya gani da idonsa, zai tafi da ni hutunsu na sati ɗaya a wani tsibiri na Girka.

A tashar jirgin ƙasa Mama ta riƙe kunnena (a gaban jama'a, ina 'yar shekara sha biyar) ta ce, "Sati ɗaya ne. Ki riƙe bakinki sati ɗaya, ki samu Paris shekara uku."

Na riƙe shi har Orly, filin jirgin saman Paris. Wajen awa biyar ke nan, kuma ban ga wanda ya yaba mini ba.

Laifin Nana ne. Taubashiyata ce, sa'ata, don haka tsokana halak ce tsakaninmu, amma ita ta fi ni kayan aiki. Ta iya iyo, ta saba da jirgin sama, tana da wokman na jin kaset, kuma tana kirana 'yar ƙauye don kawai Lyon ba Paris ba ce. Abu ɗaya na fi ta: ni nake kwana kusa da Kaka. Duk wani labarin aljanu da ke tsakanin Maraɗi da Madarunfa yana kaina, ita kuwa Nana ko Hausar kirki ba ta iya haɗawa sai ta jingina da Faransanci.

Tun a jirgi na fara ba ta darasi. Na ce ruwan da ba ka sani ba, sai ka yi masa sallama kafin ka sa ƙafa. Na ce in aka kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa. Na ce aljani yana iya ɗaukar kamar kowa, fuska da murya, ƙafa ce kaɗai ba ya iya canzawa. Wannan duka na Kaka ne. Da na ga idon Nana ya fara girma sai na ƙara gishiri: 'yan ruwa da tsakar rana suke fita, da muryar ɗan'uwanka suke kira, kana amsawa ƙafafunka za su bi su da kansu, kuma sun fi son 'yan matan Paris masu sa turare.

"N'importe quoi," in ji ta, wai shirme ne. Amma na lura ranar ba ta sa turare ba.

Kwana na uku Kawu ya yi mana hayar jirgin ruwa, mu kaɗai, don a zaga da mu bakin tekun da mota ba ta zuwa. Mai jirgin wani tsoho ne, fatarsa kamar kilishi, ba Faransanci ba Hausa, sai fito da nuni da hannu. Tanti Hajiya, matar Kawu, ta ɗaure kanta cikin rigar ceto tun muna tasha, tana jan carbi. Kawu ya zauna a inuwa cikin farar jallabiya da jaridarsa, ya sanar cewa shi kallo ya zo yi, ruwa na yara ne.

Wuri biyu na farko akwai mutane, da laima, da rediyo. Na ukun ne daban. Tsohon ya kashe inji tun daga nesa, jirgin ya silale cikin wani lungu da fararen duwatsu suka kewaye, dogaye kamar benenmu sau biyu. Ba kowa. Ba tsuntsu, ba iska. Ruwan garau har kana ganin inuwar jirgi kwance a ƙasa, kamar wani jirgin ne na biyu da ya nutse yana jiran namu. Can sama a jikin dutse akwai wani ɗan farin ɗaki mai gicciye, ba hanyar da ta je gare shi, amma ƙofarsa a buɗe. Daga wani wuri da ban gano ba ƙararrawa tana kaɗawa, ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai ɗaya. (Daga baya aka ce mini akuya ce. Ban ga akuyar ba har yau.)

Tsohon ya sauke ni da Nana a bakin yashi, ya nuna agogonsa, ya ɗaga yatsa ɗaya. Sha biyu da 'yan mintoci.

Nana ta tsaya a bakin ruwa, ta waiga ko ina kallonta, ta ce a hankali, "Salamu alaikum."

Wallahi daɗin da na ji bai misaltuwa. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na hango wata kafa a jikin dutsen, a ƙarshen yashi, daidai mutum ya sunkuya ya wuce, ruwan cikinta iya idon sawu. Na jira Nana ta nutsa kai tana iyo, na lallaɓa na shige. Niyyata in ɓuya in kira sunanta da irin muryar nan, in ga yadda 'yar Paris ke gudu a kan ruwa.

Bayan kafar wani kogo ne mai faɗi, bakinsa a buɗe ta wajen teku, da ɗan tudun tsakuwa a ciki. Sanyi kamar an buɗe firij. Hasken wurin ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙarƙashin ruwa yake tasowa, shuɗi, yana rawa a rufin kogon. Na duba hannuna na ga shi ma ya koma shuɗi.

Na gyara murya na ja: "Naaanaaa."

Kogon ya maimaita sau uku. Na uku bai yi kama da muryata ba.

Na yi dariya, ita ma ya dawo mini da ita, sai na daina. Na ce bari in koma, wasan ya isa. Ina juyawa na ga wasu manyan igiyoyin ruwa sun shigo, ko wani babban jirgi ne ya wuce can nesa, oho. Kafar da na bi tana cika tana buɗewa, tana cika tana buɗewa, da wani sauti kamar mutum na haɗiyar abu. Ni kuwa iyona na wurin wankan Bron ne, ɓangaren da yara ke tsayawa. Na hau tudun tsakuwa na zauna in jira ruwa ya kwanta.

Ban san minti nawa na yi ba. Agogona yana jirgi. Ƙararrawar nan ma ta yi shiru, sai ɗigon ruwa daga rufi.

Sai aka kira sunana.

Daga wajen teku kiran ya zo, ba daga yashin da na baro ba. Murya ce ta namiji, mai kauri, ta ja sunan ta lanƙwasa shi har ya shigo kogon ta ko'ina. Kuma muryar Kawu ce sak.

Na buɗe baki zan ce na'am, sai wani abu ya riƙe mini harshe. Tsakar rana ce. Muryar ɗan'uwa ce. Ban ga mai kiran ba. Na ce wa kaina, ke banza, ai ke kika ƙirƙiro wannan a jirgi. To amma wanne na ƙirƙiro? Na zauna ina tankaɗe, wannan na Kaka, wannan nawa, suka cakuɗe mini kamar gero da yashi. Kuma in ma ni na ƙirƙira, wa ya ce ban faɗo kan gaskiya ba? Kawu dai na bar shi da jarida, mutumin da ya ce ruwa na yara ne. Me zai kai muryarsa tsakiyar teku?

Aka sake kira. Sai muryar Tanti, tana rawa. Sai ta Nana. Na ce lallai, gidan gaba ɗaya suka ɗauko. Na ja jiki bayan wani dutse, na toshe baki da hannu biyu, na karanta Ayatul Kursiyyu, na karanta Falaƙi da Nasi, da suka ƙare na shiga addu'ar cin abinci don kada a samu giɓi. Na ji ƙarar inji ta wuce bakin kogon, na ƙara dunƙulewa. An ce minti arba'in aka yi ana kirana. Ko tari ban yi ba. Natsuwar da Mama ta roƙa sati guda, a nan na zuba ta duka.

Sannan kiran ya tsaya, wannan kuma ya fi kiran muni.

Ina leƙe ta gefen dutse na ga wani abu baƙi yana tahowa a ƙarƙashin shuɗin ruwan, dogo, a hankali, ba fantsama. Ya zo daidai tudun ya tsaya. Kai ya fara fitowa: ido ɗaya ƙato mai ƙyalli ya cinye rabin fuska, ƙaho ɗaya a gefe yana feso ruwa. Sai kafaɗu, sai tumbi. Abin ya tofar da ƙahon daga bakinsa, ya juyo da idon nan kaina, ya faɗi sunana da muryar Kawu, a hankali, kamar mai jin tsoron kada in ɓace.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Taho nan."

Na miƙe, takalmina na roba a hannu. "A'uzu billahi. Kada ka matso."

"Ke, ni ne. Kawunki ne."

"Ƙarya kake. Kawuna ba ya yawo ba riga."

Ya sake matsowa. Na ce, da iyakar muryata, kogon kuma ya taya ni sau uku, "In kai mutum ne, nuna mini ƙafarka!"

Ban san me ya sa ya biye mini ba. Wataƙila gajiya ce. Ya dafa dutse, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama da ruwa. Baƙa ce, tsawonta ya kai hannuna, shimfiɗaɗɗiya kamar ta agwagwa, ba yatsa ko ɗaya.

Na saki takalmin. Ban taɓa cin komai a wasan jifa na 'yan makaranta a lekol ba, amma ranar ya sauka daidai goshinsa, tas.

A daidai nan hancin jirginmu ya leƙo bakin kogon. Tanti a tsaye, ɗankwali ya zame, fuska duk hawaye. Nana a gefenta. Tsohon mai jirgi. Bayansu kuma wani jirgin cike da turawa masu yawon buɗe ido da tsohon ya kira ta rediyo su taya nema, kowa da kyamara a wuya. Duk sun ji maganar ƙafa. Waɗanda ba su ji Hausa ba sun ga takalmin.

Kawu ya cire gilashin ninƙaya daga fuskarsa, na tsohon ne ya ara, da bututun numfashi da takalman iyo. Idanunsa jawur. Ashe tun yana yaro ya iya ruwa, a tafkin garinsu ya koya, shekara talatin bai shiga ba. Da aka gaji da kira ba amsa, Nana kuma ta ce rabonta da ni tun a bakin ruwa, sai ya tuɓe jallabiya ya shiga dubawa a ƙasa. Ba ni yake nema ba a lokacin, gawata yake nema ya kai wa ƙanwarsa.

Wannan ban gane shi ba sai da muka hau jirgi, na ga ya riƙe kofin shayi har ya huce bai kurɓa ba. Ba wanda ya yi mini faɗa. Da an yi, da na fi jin sauƙi. Tanti ta lulluɓe ni da tawul tana ta shafa kaina. Can Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kina jin muna kira?"

"Ina ji, Kawu."

"Me ya hana ki amsawa?"

Nana ce ta amsa mini, da Hausarta mai ɗingishi, ta zayyano dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, har da na turare. Kawu ya saurara har ƙarshe, ƙulun goshinsa yana tasowa.

"Na farkon nan uku na san su," in ji shi. "Uwata ce ta faɗa mini su kafin a haifi uwarki. Sauran fa, wane malami ne?"

Na ce ni ce.

"To. Kin rubuta, kin karanta, kin kuma yi imani. Ba kowane malami ke samun haka ba."

Nana ta yi dariya har wokman ɗinta ya faɗi. Sauran kwana huɗun, ko gishiri za ta miƙo mini a tebur sai ta fara ɗaga ƙafa ta nuna.

Bayan mun dawo da sati biyu Kawu ya bugo waya Bron. Ina bayan ƙofa ina jin ɓangaren Mama: gaisuwa, gaisuwa, sai "To, Yaya," sai "Haka ne, Yaya," sai "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ta ajiye, ta kira ni ta faɗa mini saƙonsa. Ya ce yarinya tana da addu'a a baki, ba laifi, kuma hannunta yana da saiti. Amma Paris gari ne mai yawan ramuka a ƙarƙashin ƙasa, shi kuma ya tsufa da nutso. A bar ni in ƙara girma a gaban uwata.

Ga ni nan a lisen unguwarmu, bas ɗaya daga gida, muna nan mu huɗu a ɗaki. Abin da na koya bai da yawa. In za ka ƙera dodo don ka tsorata wani, ka tuna shi wanin zai koma cikin mutane ya manta, kai ne za a bari da dodon ku biyu a kogo, kuma ya san muryar duk 'yan gidanku, tunda kai ka koya masa.