Rasuwar Jjukira, Wadda Ta Tafi Babu Lasisi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Ssekandi nake sanar da rasuwar manhajarmu Jjukira, ranar Litinin, a wani ƙaramin asibiti da ke Kawempe. Ta yi shekara huɗu a duniya.

Marigayiyar ba ta da hayaniya. Da safe sai dai a ji "ƙit-ƙit" a wayar mai goyo, saƙo ya shigo cewa gobe ne rigakafin yaronta. Mata ɗari huɗu take tunasarwa, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da sabon lauyan asibitin ya tambayi lasisinta. Mu huɗu muka rubuta ta muka zuba a intanet, babu wanda ya tuna ya rubuta wa aka yarje wa amfani da ita. Lauya ya ce asibiti ba ya taɓa abin da babu izininsa a rubuce. Ya ba mu wata uku mu zaɓi lasisi ko a daina amfani da ita, kuma dole kowannenmu ya sa hannu.

Aikin minti goma ne. Tumwine ya ce lasisin MIT, wanda bai hana kowa komai ba: "Kowa ya ɗauka mana, malam, mu 'yan sanda ne?" Atuhaire ta ce lasisin GPL, mai hana a kulle manhaja, ko a fasa: "Kamfani ya kwashe guminmu ya kulle, ya dawo ya sayar mana? Sai dai bayan raina." Byaruhanga, wanda layi uku kacal ya taɓa rubutawa, ya zo da nasa lasisin mai shafi tara, rabinsa haramta wa tsohon ubangidansa amfani da ita. Ni kuwa, kada na yi ƙarya, gwanin kiran taro na zama. Sau goma sha ɗaya muka ci capati da ƙwai a Wandegeya muna kare 'yancin al'umma. Babu wanda ya leƙa asibitin.

Ta rasu ta bar saƙonni dubu biyu a zauren hirarmu, da masana huɗu, kowa da gaskiyarsa.

Za a yi jana'iza da zarar magada sun daidaita a kan mai gawa, don haka kada kowa ya wahalar da kansa wajen wanke takalmi. Masu ta'aziyya kada su zo wurinmu, ba mu cancanta ba. Su je wurin Nakayenga, ma'aikaciyar jinyar asibitin, su tafi mata da katin waya. Tun Litinin take kiran matan ɗaya bayan ɗaya, jiya ta kai ta sittin da biyu.