Tsanina Ya Samu Aikin Ofis

Jama'a, ranar Litinin ɗin makon jiya na je karɓo tsanina, aka ce in kawo shaidar cewa nawa ne. Tsanin da na yi shekara goma sha ɗaya ina hawa, wanda matakinsa na huɗu ya taɓa karyewa da ni, na yi wata guda ina ɗingishi. Na ɗage ƙafar wando na nuna wa Mai Sito tabon da ke ƙwaurina. Ya leƙo ta saman tabarau, ya dube shi da kyau, ya ce tabo ba ya cikin takardun da ake karɓa.

Bari in faro muku daga farko, don kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

A layinmu, duk Asabar da safe muna fitowa mu yi abin da ya sawwaƙa. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, ko hula iri ɗaya ba mu da ita. Yau mu yashe kwata, wani makon mu gyara wa wani dattijo ƙofar da ta saki, wani makon kuma mu je makarantar kurame mu ɗaure musu bencuna. Kafinta ne mai guduma da ƙusa. Dogo, direban motar haya, shi ne mai ƙarfi da surutu. Ni kuwa ban iya komai ba, amma ni ne mai tsani, shi ya sa ba a fara aiki sai na fito.

To, akwai Iya Ungozoma a ƙarshen layi. Shekara arba'in ta yi tana karɓar haihuwa, rabin mutanen layin nan a hannunta suka faɗo duniya. 'Ya'yana uku ita ta karɓe su. Kafinta da Dogo ma ita ta fara jin kukansu, kuma har yau takan ce na Dogo bai tsaya ba. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ɗanta ɗaya yana can wata uwa duniya, ita kaɗai ce a ɗaki. Kwanon rufin ɗakin ya yi tsatsa ya huje, kuma bai tashi hujewa a ko'ina ba sai daidai saitin gadonta. Ruwan farko da aka yi, a kujera ta kwana, robobi uku suka kwana a kan katifa. Muka sa ranar Asabar za mu hau mu gyara kafin ruwa ya kankama.

Ana saura kwana biyu sai ga wani mutum a ƙofar gidana, da takalmi mai ƙyalli da jaka a hammata. Ya ce shi ne Sakataren Kwamitin Ƙarfafa Aikin Sa Kai, sabon kwamiti ne, an ba su ofis can bakin titi. Ya ce labarinmu ya iso musu, kuma manya sun ji daɗi ƙwarai.

"Baba, tsaninka za ka ara mana na awa biyu kacal," in ji shi. "Hoton Mai Girma za mu rataya, ranar Asabar zai zo ya ƙaddamar da aikin sa kai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe ba a ƙaddamar da shi ba tukuna? Mu da muke ta yi shekara shida, ashe a ɓoye muke yi."

Ya yi dariya ya ce ina da ban dariya. Matata tana daga tsakar gida tana min alama da ido kada in bayar. Na bayar. Wannan laifina ne, kuma an riga an karanta min shi a gida sau bakwai, ba sai kun ƙara ba.

Awa biyu ta zama kwana biyu. Asabar ta zo, ranar da ya kamata mu kasance a kan rufin Iya, muna zaune a kujerun roba ƙarƙashin rumfa muna jiran a koya mana taimakon maƙwabci. A saman ƙofar ofis ga hoton nan, wata ƙatuwar leda mai kauri kamar tamfol, faɗinta ya fi na ɗakina. Ga Mai Girma Sarkin Almakashi yana murmushi, haƙora fes, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: MU TAIMAKI JUNA. Na sa masa wannan sarauta ne saboda ban taɓa ganinsa ba tare da ya yanke wani ƙyalle ba.

An ce ƙarfe tara, ya iso ƙarfe ɗaya. Motoci goma sha ɗaya, Dogo ya ƙirga su yana haɗiyar yawu, domin shi ana gobe taron ya wuni a layin mai ya dawo da rabin galan. Aka miƙa wa Mai Girma sabuwar tsintsiya ɗaure da jan ƙyalle. Ya yanke ƙyallen, muka tafa. Ya yi shara sau uku a wurin da aka share tun asuba, wani yana riƙe masa lema, wani yana riƙe masa gefen riga, muka sake tafawa. Daga nan aka raba riguna masu ƙyalli ga wasu zaratan matasa da ban taɓa ganin ɗayansu da shebur a hannu ba. Sun yi kyau a hoto, wannan kam ba zan hana su ba.

Sai jawabi. Ya ce kada mu zauna muna jiran a yi mana komai, mu tashi tsaye mu hau sama da kanmu.

Dogo ya ce, ba a hankali sosai ba, "A ba mu tsanin mu hau."

Kafinta ya taka masa ƙafa.

Wannan ne ya kai ni ofis ranar Litinin. Na tarar da tsanina a sito, jingine da bango, an rubuta masa lamba da farin fenti a gefe. Mai Sito ya yi min bayani cikin ladabi cewa duk abin da ya kwana biyu a harabar ofis ana shigar da shi rajista, kuma abin da ya shiga rajista ya zama kayan ofis. In ina so ya fita, sai in cike fom kwafi uku, Darakta ya sa hannu.

"Ina Daraktan?"

"Ya tafi taron bita na mako uku."

"A kan me?"

"A kan aikin sa kai."

Na dubi tsanina, ya dube ni. Wallahi har wani ƙyalli ya yi, kamar wanda ya ji daɗin sabon matsayi. Ni da na haura hamsin ban taɓa samun aikin ofis ba, shi ya samu cikin kwana biyu, ba tare da ya san kowa ba.

Za ku ce mu ari wani mana. Mun nema. Na mai gyaran wuta gajere ne, ɗakin Iya kuwa tsohon gini ne mai tsawo. Dogo ya ce a ɗora ganga a kan tebur shi zai hau. Har ya ɗora ƙafa ɗaya Iya ta leƙo ta taga.

"Sauko, ɗan nan," ta ce. "Na karɓi haihuwarka, ba zan karɓi karayarka ba."

Ya sauko kamar an zare masa laka.

Ranar Laraba da la'asar aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Ana ɗaukewa na tafi gidan Iya. Na same ta a kujera, ta lulluɓa da zane biyu, tana tari. Robobin sun cika sun tumbatsa, katifa ta jiƙe sharkaf. Ba ta ce da ni komai ba game da rufin. Tambayata ta yi ya ƙafata, ta ce sanyi yakan tayar da tsohon ciwo, in riƙa gasawa. Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Matar da ta kwana tsaye a kan matata sau uku, yau ta rasa wurin miƙe ƙafa a ɗakinta, saboda ni na ba da tsani a rataye murmushin wani.

Na ce ta dawo gidanmu kafin a gyara. Ta girgiza kai.

"A ɗakin nan na tsufa, ba inda za ni. Ni dai gadona nake so in kwanta a kai, bayana ya gaji da kujera."

Na dawo gida ina ta huci, ina tsara wasiƙar da zan rubuta mai zafi, wadda na san ba wanda zai karanta. Matata ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Baban yara, ka bi ta bakin titi kuwa? Mutumin naku ya tsinke."

Ashe iskar da ta jiƙa katifar Iya ta tsinka igiya biyu daga cikin huɗu. Hoton ya kife, kan Mai Girma yana ƙasa, yana ta marin bangon ofis, ya kuma tare rabin ƙofa, ma'aikata sai sun sunkuya suke shiga. Ba wanda ya sauke shi, don ba a kafa kwamitin saukewa ba tukuna.

"Ba aikin sa kai suke nema ba?" in ji ta. "Ku je ku sa kan naku."

Shekara ashirin da bakwai muna tare da matar nan, har yau ban gane dalilin da ya sa ni ne nake rubutu a jarida ba ita ba.

Alhamis da safe muka isa mu uku. Na ce da Sakatare mun zo aikin sa kai, za mu sauke hoton Mai Girma kada mutuncinsa ya zube. Mutumin nan har ya kusa rungume ni. Ya buɗe wani ƙaton littafi, ashe tun ranar ƙaddamarwa ba wanda ya sa hannu a ciki, mu ne na farko. Kafinta ya ce sai dai fa aikin yana buƙatar tsani. Cikin minti biyar tsani ya fito, ba fom, ba Darakta, domin wai wannan aikin ofis ne. Aka ɗauke mu hoto, aka ce mu yi murmushi. Ban taɓa yin murmushi na gaskiya a gaban hukuma kamar na ranar ba.

Dogo ya hau ya kwance sauran igiyoyin, muka naɗe Mai Girma cikin girmamawa, muka kai wa Mai Sito. Ya buɗe rajista, ya bi layi da yatsa, ya rufe.

"Wannan ba shi da lamba, ba kayan ofis ba ne. An gama da shi tun Asabar. Ku kai bola."

Kafinta ya ɗaga gefe ɗaya ya yi nishi, ya ce abin da nauyi, sai an ɗora a kan tsani mutum biyu sun ɗauka.

"To, ku dawo da tsanin da zarar kun zubar."

Na ce, "Da zarar mun zubar, ranka ya daɗe."

Haka muka ratso titi, Dogo a gaba ni a baya, Mai Girma a kwance a tsakiya, masu shaguna suna tambaya ko lafiya. Hanyar bola ta ƙofar Iya ta bi, wannan kowa ya sani. Muka tsaya mu huta, hutun ya kai mu har kan rufi.

Kafinta ya cire kwano biyu da suka fi lalacewa, ya maye su da wasu tsofaffi masu lafiya da ya daɗe yana ajiya. Sauran ƙananan hujojin kuwa muka shimfiɗa musu ledar nan, ta rufe ɗakin kaf har da saura, aka danne gefuna da katako aka buga ƙusa. Gardama ɗaya kawai aka yi, ko fuskar ta kalli sama ko ƙasa. Dogo ya ce a kifa shi, ko banza ya ga yadda talaka ke kwana. Iya ta ɗago murya daga ciki.

"Ku juya shi sama. Ba na son namiji yana leƙo ni ta huji."

Aka juya shi sama. Matan layi suka fitar da katifa rana, suka goge ɗakin, kafin la'asar an gyara gado.

Washegari da yamma aka tafka ruwa, wanda ya fi na Laraba, bai ɗauke ba sai gab da asuba. Da gari ya waye matata ta ɗauki shayi ta tafi, ni ina biye. Ta yi sallama sau uku, shiru. Ta tura ƙofa a hankali, sai muka ji minshari. Iya tana kwance a gadonta, ta miƙe ƙafafu, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Robobin nan uku suna jere a gindin bango, ko ɗigo babu a cikinsu. Matata ta ajiye shayin, ta ja ƙofa, muka fito a kan yatsun ƙafa. Sai da muka zo waje na ga tana share ido da bakin mayafi, ni kuma na tsaya ina duban sama kamar mai nazarin hadari.

Saboda haka, jama'a, yau na janye duk wata magana da na taɓa yi a wannan shafi cewa manyanmu ba sa taɓuka komai. Ga Mai Girma Sarkin Almakashi can, kwana biyar ke nan yana kwance a kan rufin wata tsohuwa, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ba lema, ba jiniya, ba mai riƙe masa riga, kuma murmushin bai gushe ba. A duk kwamitin nan shi kaɗai ne ya sa kai da gaske. Rubutun MU TAIMAKI JUNA ma yana nan, sai dai yanzu tantabarun maƙwabta ne kawai ke karantawa.

Tsani kuwa, alkawari muka yi za mu mayar da zarar mun zubar, kuma ba mu zubar ba tukuna. Yana nan bayan ƙofata da lambarsa, yana bakin aiki, Asabar mai zuwa ma zai je makarantar kurame a gyara indararo. In Mai Sito yana ganin nasu ne, ƙofata a buɗe take, ya zo da shaida. Mu nan ba mu da tsauri, ko tabo ne muna karɓa.