Fulotin Farfesa a Kan Dutse

Wani ne ya shekara goma sha biyu yana yanka filaye a bayan gari a Kano, sai gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur ƙaro ilimin zanen taswira. Wata guda ya rage tallafin karatunsa ya ƙare. In bai ci jarrabawar ƙarshe ba, gida zai koma hannu rabbana.

Farfesansa, wani dattijo ɗan Malesiya, ya ba shi hotunan tauraron ɗan'adam na wani daji a Sumatra, duk duwatsu da tafkuna. Ya ce ya zana tudu da kwari kawai, ya nuna tsayin kowane dutse.

Gogan naka ya duba, ya ga ƙasa har ƙasa, ba shinge, ba mai gona, ba dagaci. Wallahi har da ƙwallarsa.

Abokinsa Badamasi ya same shi a wani shagon shayi da ke titin Jalan Semarak da abin awo a hannu, shayi ya huce. Ya leƙa takardar, ya ga an rubuta wa wani tafki mai faɗin ƙaramar hukuma “kududdufi, za a cike da shara”. Kurmin kuma an tsaga masa titi, an ware filin idi da tashar mota. Badamasi ya roƙe shi ya goge. Gogan ya ce ina, ai mutanen nan ba su san darajar fili ba ne.

Ranar jarrabawa ya baza taswira gaban malamai uku. Farfesa ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa kan wata da'ira a ƙololuwar dutse mafi tsayi, ya tambayi mene ne waɗannan ƙananan akwatuna da ke cikinta.

“Fulotai ne, ranka ya daɗe. Nan kaɗai ne shimfiɗaɗɗen wuri, kuma ruwa ba ya kwanciya.” Ya rage murya, yadda ake yi wa oga a gida. “Wannan mai jan layin naka ne. Ba sai ka ce komai ba.”

Farfesa ya cire tabarau, ya ce wannan fa bakin dutse mai aman wuta ne, kuma har yanzu yana hayaƙi. Ran da ya tashi, duk wanda ke wurin toka zai zama.

“Ai na lura, Farfesa. Shi ya sa na ba ka na bakin titi, kai za ka riga kowa gudu.”